Bakinsa Yana Motsi, Babu Murya

Zan fara da neman afuwa. Shekaru sun ɗan ja tun da abin da zan faɗa ya faru, kuma ban rubuta komai a lokacin ba. Mai yiwuwa na haɗa ranaku biyu na mayar da su ɗaya, ko na sa magana a bakin wanda ba shi ya faɗe ta ba. Inda na tabbata zan ce na tabbata, inda nake kokwanto kuma zan faɗa. Ba zan kama sunan kowa ba, har da sunan makarantar, domin ina tsoron in ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Sai dai akwai fushin da ya ƙi sakina, kuma na gaji da haɗiye shi.

Maganar a taƙaice ita ce: a shekarata ta ƙarshe ta karatun fim da talabijin, na ɗauki muryar wani dattijo a unguwar Herwagana da ke Gombe, na yi wa 'yarsa alkawarin zan kawo mata duk abin da ya faɗa, kuma har yau ban kawo ba.

Ranar da na gaya wa mahaifina abin da jami'a ta ba ni in karanta, yana cikin shagonsa na atamfa yana auna wa wata mata yadi. Bai ɗago kai ba ya ce, "Wato yanzu kallo ma sai da digiri?" Maƙwabtansa na layin suka yi dariya. Amma ya biya mini komai bai taɓa gori ba, kuma wannan ya ƙara mini tsoron in ba shi kunya. Ni dama mutum ne mai gudun laifi. Idan aka ce a tsaya a layi ina tsayawa ko da kowa ya tsallake. A gidanmu na unguwar Malam Inna da "bin na gaba bin Allah" aka rene mu, ni kuwa na riƙe ta fiye da duk 'yan'uwana.

Daga aji ɗaya zuwa aji uku, a kan allo muka san kyamara. Malami zai zana akwati da alƙalamin maka, ya zana zagaye a gabansa, ya ja kibiya ya rubuta sunan kowane maɓalli, mu kwafa. Mun ci jarrabawa a kan maɓallan da yatsunmu ba su taɓa dannawa ba. Kyamarar gaske tana nan, guda ɗaya, a cikin kabad na ƙarfe a sitidiyon sashenmu, makullin yana hannun ma'aikacin da ke kula da wurin. Ba a fito da ita sai don furojet, wato aikin kammala karatu na 'yan aji huɗu, ko idan ana wani taro. Kwamfutar tace fim ita ma ɗaya ce. An liƙe duk kafofinta da salatif, an manna takarda a bango cewa duk ɗalibin da aka kama ya soka filashi ko waya a jikinta ya faɗi kwas ɗin. An ce wata shekara bairos ya shiga ya cinye aikin aji guda. Ban ga laifin dokar ba a lokacin. Ko yanzu ma ba dokar ce ta fi ci mini rai ba.

Da muka kai aji huɗu aka raba mu biyu-biyu, kowane rukuni ya yi gajeren fim na tarihi ko na rayuwar jama'a. Aka haɗa ni da wata 'yar ajinmu daga Kagarawal, Bafillatana mai kaifin baki, wadda ta ce ita sauti za ta riƙe domin ba ta yarda da hannuna a kan komai mai waya ba. Na kawo shawarar mu yi a kan gidajen silima na da a Gombe, waɗanda duk sun mutu kafin mu yi wayo. Na kawo shawarar ce domin na san wani mutum.

Baba, kamar yadda kowa a layin shagonmu ke kiransa, Batangale ne, Kirista, ya zo Gombe tun yana saurayi. A zamanin silima aikinsa shi ne tsayawa kusa da bencin gaba yana fassara wa 'yan kallo fim ɗin Indiya da baki, yana canza murya, ya zama jarumi, ya zama budurwa, ya zama mugu. Da silima ta mutu ya koma gyaran rediyo a wata rumfa kusa da shagon mahaifina, har idanunsa suka gaza ya koma gida. Da Kirsimeti daga gidansa ake kawo mana shinkafa da cincin, da babbar Sallah ni ake aika da ƙafar rago zuwa Herwagana.

'Yarsa ce ke kula da shi, malamar firamare, muna kiranta Anti. Da na je neman izini ta tsayar da ni a ƙofar ɗaki, ta rage murya.

"Ka ga maƙogwaronsa ba lafiya. Likita ya ce ya rage surutu, kai kuma ka zo ka buɗe masa famfo."

Na ce ba za mu gajiyar da shi ba.

"Shi zai gajiyar da ku. To ji nan, ƙanena. Na yarda, amma duk abin da ya faɗa ina so. Wanda za ku kai makaranta wannan naku ne. Ni duka nake so, har tarinsa. Ba mu da muryarsa a ko'ina, kuma ka san yadda yake, in ka ɗaga waya za ka ɗauke shi sai ya kama baki."

Na ce na yi alkawari. Wannan na tabbata da shi, domin na tuna har ta ce in maimaita.

Ranar ɗauka Anti tana makaranta. Muka zaunar da Baba a kujerar roba ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, da hantsi. Ya sa farar riga da aka goge, ya sa hula, ya cire, ya sake sawa. A cocin da ke bayan katanga 'yan mawaƙa suna gwaji, abokiyar aikina ta je ta roƙe su suka ɗan sassauta. Ni kuma ina ta laluben maɓallan kyamarar da na yi shekaru ina zanawa a littafi.

"Ɗan Alhaji, wannan abin yana ci ne ko hoto kawai yake yi? Na ga kana tsoronsa."

Na ce yau na fara riƙe shi.

"Shekara nawa kana makarantar?"

Abokiyar aikina ta ce, "Baba, kada ka tambaya, sai mu yi kuka gaba ɗaya."

Da ya fara, sai na mance da tsoron kyamara. Na tambaye shi inda ya koyi Indiyanci.

"Wa ya ce maka na koya? Ko ruwa ban san yadda suke cewa ba. Amma in budurwa ta ruga bayan bishiya saurayi ya bi ta, ai ko akuya ta san me ake ciki. In mai gashin baki ya zare ido, me zai ce in ban da sai na kashe ka?"

Ya ba mu labarin ranar da mai injin ya rikita faifai, ya sa na ƙarshe kafin na tsakiya. Jarumi ya mutu, mata suka yi kuka a kansa, aka ƙona gawa, sai ga shi ya fito da ransa yana rawa a kan dutse. 'Yan kallo suka miƙe za su fasa benci. Baba ya ce shi kuwa ya ɗaga murya ya ce, "Ku zauna, jahilai, tagwayensa ne da aka sace tun suna jarirai!" Aka zauna. Ya ce har mako ya zagayo mutane suna dawowa suna tambayar yaushe za a sake sa fim ɗin 'yan tagwaye. Yana faɗa yana yin muryoyin duka, ta jarumi, ta uwar jarumi, ta ɗan dakon da ya fara ɗaga benci. Abokiyar aikina ta cusa gefen mayafi a baki don kada dariyarta ta shiga makirfo. Ban san nawa ne gaskiya a cikin labaransa ba, ina jin shi ma bai damu ba.

Da muka gama tambayoyinmu ina shirin kashewa, sai ya ɗaga hannu.

"Bar shi yana ci. Wannan da zan yi ba na makarantarku ba ne, na 'ya'yana ne."

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa, ya dubi idon kyamara, ya koma Tangale. Ni ba na jin Tangale. Abokiyar aikina Hausa da Fillanci take ji. Ya yi magana mai ɗan tsawo, a hankali, babu muryar wasa ko ɗaya. Da ya gama ya mayar da hula, ya koma Hausa.

"Kada ka gaya mata yanzu, sai ta fara mini kuka tun ban je ko'ina ba. Ka haɗa mata a cikin sauran, za ta gani."

Na ce to, Baba.

Ƙa'ida ita ce a mayar da kyamara ranar da aka ɗauke ta. Ma'aikacin sitidiyo ya juye abin da ke katin zuwa kwamfuta, ya share katin domin rukuni na gaba. Daga wannan yammacin, muryar Baba a wuri ɗaya take a duk duniya, cikin kwamfutar da aka liƙe wa baki da salatif. Na roƙi ma'aikacin ya juye mini a faifai. Ya ce ɗanyen aiki kayan sashe ne, ba ya fita sai da izinin malamin da ke duba furojet.

Abokiyar aikina ta ja ni waje ta ce, "Ka ɓare salatif ɗin nan ka soka filashi idan ya fita salla. Rabin ajinmu haka suke yi."

Na ce idan aka kama mu fa? Na ce akwai hanya ta ƙa'ida, mu bi ta.

Malamin da ke duba aikinmu Dakta ne, mutum mai fara'a, kuma ban taɓa jin an ce ya nemi wani abu a hannun ɗalibi ba. Ina so a san wannan. Ranar da ya zo ganin abin da muka tace, ya zauna a gaban kwamfuta ya yi ta dariya a labarin 'yan tagwaye har ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce shi ma yana yaro ya taɓa tsallake katanga ya shiga silima. Na ji daɗi har na fara tunanin abin da zan gaya wa mahaifina. Sai ya mayar da tabarau ya ce, "To, madalla. Yanzu duk maganarsa a cire."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"A bar hoton, a cire sautin. Ku rubuta bayani da Turanci, a samu mai murya mai kyau ya karanta a kai. Haka ake yin fim na ilimi. Mai jarrabawar da zai zo daga waje ba ya jin Hausa."

Na ce, "Sa, ko mu rubuta fassarar a ƙasan hoton? Ka koya mana ana yin haka."

"Na koya muku ana yi. Ban ce ku kun iya ba. Mutum ya taso daga nesa, yana da finafinai birjik da zai kalla a yini ɗaya, sai ka sa shi karatu? Ka san abin da zai rubuta a kan sashenmu?"

Abokiyar aikina ta ce, "Sa, mutumin nan fa sana'arsa murya ce. In an cire muryar, sai a ce fim ɗin hula muka yi."

Dakta ya yi dariya. "Ke bakinki zai kai ki gidan rediyo ko gidan yari. Ku yi yadda na ce. Wannan aikin jami'a ne, ba na 'yan kasuwa ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ban da cikakken tabbaci a kanta. Mai yiwuwa "ba na kan titi ba" ya ce. Ma'anar dai ɗaya ce.

Na ce to, amma ina roƙon izini a juye mini ɗanyen aikin, domin na yi wa iyalin alkawari. Na gaya masa har da maganar Tangale, na ce saƙo ne ga 'ya'yansa kuma mutumin ba shi da lafiya. Na tabbata na gaya masa, domin abokiyar aikina tana tsaye, kuma na tuna ya ce "Allah ya ba shi lafiya." Ya ce babu damuwa, amma sai bayan mun kare furojet a gaban masu jarrabawa, kada aikin ya bazu a waya tun ba a ba shi maki ba.

Muka cire muryar. Da hannuna na yi, ina kallon layin sautin yana ɓacewa daga ƙarƙashin fuskarsa. Aka kawo wani ɗan aji uku mai Turancin hanci, wanda bai taɓa ganin Baba ba, ya karanta abin da muka rubuta Dakta ya gyara, game da tasirin finafinan ƙetare da sauyin zamani. Dakta ya zaɓi hoton rufewa da kansa. Ya ce inda tsohon ya cire hula yana kallon kyamara ya fi ko'ina kyau, hasken ya zauna, a yanko kaɗan daga nan a ɗora sunaye a kai.

Mai jarrabawa ya zo, ya kalla yana danna waya, ya yi mana tambaya ɗaya a kan haske. Muka ci.

Washegari na je ofishin Dakta. Ya ce yana da taro, in dawo. Na dawo, ya yi tafiya. Na kira shi a waya cikin ladabi, ya ce in tuna masa idan ya dawo. Na tuna masa, ya ce zai yi wa ma'aikacin sitidiyo magana. Ma'aikacin ya ce ba a yi masa magana ba, kuma shi sai ya ga sa hannu. Haka na yi ta zirga-zirga a kan acaɓa daga Malam Inna, ina tsayawa a ƙofar ofis ina jiran a lura da ni, ina murmushi, ina cewa "Yi haƙuri, Sa, na sake damunka." Duk lokacin da na tuna yawan haƙurin da na ba mutumin nan sai in ji zuciyata tana tafasa. A tsakanin nan aka yi wa Dakta ƙarin girma, aka yi walima, 'yan aji uku suka ɗauki taron da kyamarar sashe, aka ce musu darasin gwaji ne.

Ranar da na samu sa hannun, na ruga sitidiyo. Ma'aikacin ya duba takardar, ya kunna kwamfuta, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Af. Ai an share na 'yan aji huɗu."

Na ce wa ya share?

"Ƙa'ida ce. Da an gama karewa ake sharewa, wuri ya cika. Kowa ya sani."

Ni ban sani ba. Ba a rubuta a bango ba, inda aka rubuta dokar filashi da manyan baƙaƙe. Ba a faɗa a aji ba, sai dai in ranar ban ji ba, kuma ban cika fashin lakca ba. Wasu 'yan ajinmu sun ce hoton walimar ne aka nema wa wuri. Ban gani da idona ba, don haka ba zan rantse ba. Abin da na gani shi ne, a kan fuskar kwamfutar akwai aikin walima a buɗe ana tacewa, ga manyan baƙi suna cin kaza, kuma sautin kowa yana nan lafiya lau.

Ma'aikacin ya miƙo mini faifai ɗaya. Ya ce wannan shi ne kwafin da ɗalibi ke da haƙƙi a kai, fim ɗin da aka kammala.

Daga nan Herwagana na nufa. Tunanina shi ne in durƙusa in roƙi Baba ya maimaita, in ɗauka da wayata ko yana so ko ba ya so. Na tarar da ƙofa a rufe, maƙwabciya ta ce an kwantar da shi a asibiti. Na same shi a kan gado ya rame, Anti tana gefensa. Muryar ta tafi. Idan ya buɗe baki iska ce kawai ke fita.

Na gaya musu komai a nan, a tsaye. Anti ta ce, "Wane saƙo?" Sai a lokacin ta ji akwai shi. Ta juya ta dubi mahaifinta, ta yi masa magana da Tangale, ta sunkuya ta kai kunne bakinsa. Ya yi ƙoƙari, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ta kawo biro da takarda, ya riƙe, amma idon ba ya gani, hannun kuma ba ya tsayawa. Ya saki biron, ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ya juya fuska bango. Bai daɗe ba bayan haka ya rasu.

Bayan an yi jana'iza baƙi sun ragu, Anti ta aiko in zo da faifan. Na ce mata babu muryarsa a ciki. Ta ce ta sani, in zo da shi.

Muka zauna a falonsu, ita da ƙanenta da ya zo daga Legas, da wata gwaggonsu tsohuwa da ta zo daga Billiri. Aka sa. Ga Baba ƙarƙashin darbejiya, yana wurga hannu, yana zare ido, yana lanƙwasa wuya kamar budurwa, wani yaro kuma yana zuba Turanci ta hanci a kansa game da sauyin zamani. Ƙanen ya ce, "Wane ne wannan mai maganar?" Na ce ɗan makarantarmu ne. Ya ce, "Ya san Baba?" Na ce a'a. Anti ta ɗauki rimot ta kashe sautin gaba ɗaya.

Da aka zo hoton ƙarshe ta tsayar. Na ce nan ne, amma ɗan guntu ne daga tsakiya. Ta matsa har gwiwarta tana taɓa teburin talabijin, ta sa gwaggon ta matso ita ma. Suka sa ido a kan leɓɓansa. Ta mayar baya, ta sake sawa. Ta mayar, ta sake sawa. Gwaggon ta ce ita ta ga kamar gona ya ambata, gonar gida. Anti ta ce a'a, sunan mamarsu ne, ta san yadda bakinsa ke yi in zai faɗe shi. Ƙanen ya ce shi bai ga komai ba, ya tashi ya fita waje. Suna cikin gardama sunaye suka fara hawowa daga ƙasan hoton, fararen baƙaƙe, suna bi ta kan rigarsa, ta kan haɓarsa. Sunana da na abokiyar aikina ƙanana ne, sun wuce da sauri. Sunan mai duba aiki shi ne babba, da duk muƙamansa, kuma da ya iso daidai bakin Baba sai ya tsaya a nan har hoton ya yi duhu. Haka tsarin sashe ya ce a yi, sunan malami ya tsaya. Ni na jera shi da hannuna, ban lura da inda ya sauka ba sai ranar.

Gwaggon ta ce, "Ɗana, ba za a iya ɗage rubutun nan ba?"

Na ce ba za a iya ba, Mama.

Anti ba ta zage ni ba. Da ta zage ni ina jin da na fi samun sauƙi. Ta raka ni ƙofa ta ce in gaida Alhaji, ta ce faifan za ta riƙe.

Na sake ganin Dakta sau ɗaya, ranar da na je karɓar sakamako. Na shirya maganata tun daga gida, na maimaita ta a kan acaɓa. Da na shiga na gaishe shi, na ce masa dattijon nan ya rasu, kuma saƙonsa ya tafi tare da abin da aka share.

Ya ce, "Allahu akbar. Allah ya ba su haƙuri." Na ga kamar abin ya taɓa shi, ba zan hana shi wannan ba. Sai ya ce, "Amma kai ma da sakaci. Ɗalibin fim ai ya san ana ajiye kwafi biyu. Ban koya muku ba?"

Ya koya mana. Yana cikin abin da muka kwafa daga allo a aji biyu, har ya fito a jarrabawa.

Na ce, "Sa, na nemi izini."

"To ai ga shi ka fita da maki mafi girma a furojet. Me kuma kake nema?"

Na ce na gode, Sa, na ja masa ƙofa a hankali. Abokiyar aikina, wadda yanzu take aiki a wani gidan rediyo, ta ce da ita ce da sai an fito da ita daga ofishin da ƙarfi. Na yarda da ita.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne babu wanda ya yi niyyar mugunta, kuma babu wanda ya taɓa cewa ya yi kuskure. Shekaru aka yi ana koya mana cewa aikinmu shi ne mu adana fuskar mutane da muryarsu, kuma a ɗakin da ake koyar da hakan aka ɗauki muryar mutum aka jefar domin wani baƙo kada ya wahala da karatu, aka share ragowar domin wuri ya cika. Yanzu ina ɗaukar bukukuwa da tarurruka a cikin gari, ina da kyamarata. Kowane aiki a wuri uku nake ajiye shi, har masu biki suna yi mini dariya. Idan hanya ta bi da ni Herwagana ina shiga in gaida Anti. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma ƙanenta ya gaya mini har yanzu takan sa faifan ta zauna kusa da talabijin.

Wannan shi ne abin da na riƙe. Idan akwai ɗan ajinmu, ko ma'aikaci, ko malami da ya ga na karkace a wani wuri, ina roƙonsa ya gyara mini, ko da gyaran zai nuna ni ne ban fahimci ƙa'ida ba, zan karɓa in kuma bayyana. Ina da wani roƙon da ya fi wannan. Lokacin da muke tace aikin, lasifika muke kunnawa, ƙofar sitidiyo kuma a buɗe take saboda zafi, ɗalibai suna shiga suna fita suna jiran layinsu. A sashenmu akwai masu jin Tangale da yawa. Idan akwai wanda ya tsaya a bayanmu ya ji wani tsoho da hula a gwiwa yana magana, ya kuma riƙe ko da jimla ɗaya ce, don Allah ya neme ni. Duk wanda ya yi karatu tare da ni ya san layin shagon mahaifina a kasuwa. Zan kai shi wurin Anti ya faɗa mata da bakinsa.